Kekena a Cikin Takalman Mutane

Ba tatsuniya na kawo muku ba, saboda haka kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, ta same ni a zaune, kuma har yau ba ta tashi ba.

Ni gurguwa ce. Na faɗa da bakina tun da wuri don kada wani ya wahalar da harshensa wajen neman sunan da zai lulluɓe abin. Shan inna ne ya ɗauki ƙafafuna tun ban san ina da su ba. Uwata ta ce na fara miƙewa ina dafa bango, sai zazzaɓi ya kwantar da ni, da na tashi ƙafafun suka ƙi tashi tare da ni. Tun daga nan da hannu da gwiwa nake tafiya. Ina zura silifa a hannuwana, a yanko mini robar tsohuwar taya in ɗaura a gwiwa. Da haka na yi ƙuruciya, da haka na yi aure, na haihu, na aurar, na ga jikoki, na yi wa mijina takaba. Ban taɓa zama a bakin titi na miƙa wa kowa hannu ba. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake tafiya.

Abin da ya rufa mini asiri faifai ne. Mu nan ƙasar Kura da Bunkure, tun da ruwan dam ya biyo kanal ya shigo gonaki, shinkafa ta zama uwa ta zama uba. Rani da damina ana yanka. A kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, mata su turara ta, a shanya, a kai injin casa. Injin da muka sani a da wani tsoho ne mai tari, a bakin hanyar kasuwa, yana tofar da ɓuntu ta bayansa, a cikin ɓuntun kuwa akwai tsaki da ƙwayar da ta tsere masa. A nan mata suke taruwa. Masu ƙafa su tsaya su yi sheƙa, su ɗaga ƙwarya sama iska ta raba musu. Abin da ya zubo sai ya zo gabana, in yi bakace, in tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya. Bakace kuwa a zaune ake yinsa. Duk tsawon mace, in ta ɗauki faifai sai ta nemi ƙasa. To a ƙasa ni da kowa tsawonmu ɗaya.

A nan na yi shekara da shekaru kusa da taubashiyata, 'yar kawuna, wadda muka tashi gida ɗaya. Doguwa ce, mai baki. Ita ke sheƙa, ni ke bakace. Ba ta kirana da komai sai 'yar Gwaggo, ni ma ba na kiranta da komai sai 'yar Kawu, kuma kowacce tana cewa ɗayar baiwarta ce. In ta tara mini da yawa sai in ce, "Ke 'yar Kawu, kashe ni za ki yi ki gaji faifan?" Sai ta ce, "Wa zai gaji wannan tsumman? Yi aiki, baiwa, ƙafa kika rasa ba hannu ba." Baƙo in ya ji sai ya ce ba ta da tausayi. Ni kuwa duk duniya babu maganar da ta fi wannan yi mini daɗi.

Ana nan, ana nan, sai aka ce wasu masu taimakon mata sun zo za su gina mana wurin aiki. Suka haɗa mu ƙungiya, aka ɗora 'yar Kawu a kan shugabanci saboda bakinta. Suka turo mana wata yarinya daga birni, mai hankali, wadda take durƙusawa har ƙasa in za ta gaishe ni. Malama muke kiranta. Ranar da ta fara ganina a bayan inji, ɓuntu ya rufe ni har gira, ta tsuguna ta ce, "Iya, ba za a bar ki a baya ba. Wurin nan har da masu buƙata ta musamman za a gina shi."

Na ce, "'Yar nan, su wane ne su?"

Ta ce, "Irinku, Iya."

Na ce, "To ni buƙatata irin ta kowa ce, in yi aiki in ci tuwo."

Ta yi dariya ta ce, "Shi za ki samu, in Allah ya yarda."

Kwanci tashi gini ya tsaya a hayin kanal, kusa da kwalbati. Rufin kwano, manyan tagogi, farin daɓe mai sheƙi da za ka ga fuskarka a ciki. Aka jera teburan ƙarfe da suka kai cibiyar mace a tsaye, a kansu za a riƙa tsince shinkafa. Sabon inji yana can ɗakin baya. A bakin ƙofa kuma, gefen matakala, aka zuba wani gangaren siminti da ƙarfen dafawa. Malama ta ce wannan nawa ne. Sannan ta sa aka sauke mini keke daga mota, kujera mai manyan tayoyi biyu da ake turawa da hannu.

Ranar buɗe wurin aka ɗora ni a kai, aka tura ni na hau gangaren, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Manyan baƙi suka shiga da takalmansu, ni ma na shiga da kekena, babu wanda ya ce uffan. Aka kai ni gaban tebur. Ya zo mini daidai ƙirji. Na shafa shi, sanyi ƙalau. Ni da na tsufa ina kallon ƙasan abubuwa, ranar na ga saman tebur, na ga fuskokin mutane ba tare da wuyana ya sage ba. Na koma gida ina ta yi wa yarinyar nan addu'a, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Na koyi tura keken a tsakar gida har hannuna ya faɗa. Hanyar zuwa wurin ɗaya ce, ta kan gaɓar kanal. Ita shanun Fulanin da ke zaune bayan garinmu suke bi da safe su sauka shan ruwa, ita kuma ruwa yake tsallakawa in an buɗe wa wata gona. Jar laka, kashin shanu, taɓo. Tun ina yarinya nake bin ta da hannu da gwiwa, ban taɓa ganin laifinta ba.

Kafin a fara aiki Malama ta kafa doka biyu. Ta ce daɓen nan ya zama kamar farantin cin abinci. Ta ce kuma shinkafa kada ta sauka ƙasa, ko a faifai, ko a roba, don ta nan tsakuwa take shiga, masu saye daga birni kuwa in suka tauna tsakuwa ba za su dawo ba. Maganar takalmi ba sai ta faɗa ba. Mu tun kakanni ba a taka inda hatsi yake da takalmi, albarka guduwa take yi. Ga shi kuma mata sun riga sun ware kusurwa ɗaya sun shimfiɗa tabarma don salla.

Ranar farko na iso da hantsi, na tarar da takalma jibge a bakin ƙofa. Na tura keke na hau gangarena, zuciyata fari sol. Sai 'yar Kawu ta tsaya a ƙofar.

Ta ce, "Dakata, 'yar Gwaggo. Takalmi a waje."

Na ɗaga mata hannuwana na ce, "Ga su, babu silifa. Ƙafar nan kuwa kin san ba ta taɓa sanin takalmi ba."

Ta ce, "Ba su nake nufi ba." Ta nuna tayoyin da leɓe.

Na duba. Jar laka ta dafe su, ga koren kashin shanu ya cika tsagogin robar. Na ce, "Ke baiwa, matsa mini. Wannan ƙafata ce."

Wata dattijuwa daga ciki, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Abin da ya taka ƙasar waje, ya taka kashin shanu, in ba takalmi ba ne mene ne? A nan fa muke sa goshi."

Ni ma irin tarbiyyarsu aka yi mini. Da wata ce a kan keken ni ina ciki, abin da zan faɗa ke nan.

Na zamo daga kan keken, aka tura shi gefe cikin takalman mutane. Na shiga da tafin hannu da gwiwa, daɓen yana ɗaukar sanyi har ƙashi. Na isa teburin da na shafa ranar biki. Yanzu ya koma can sama da kaina. Abin da nake gani ƙafafun ƙarfe ne da ƙafafun mata. Shinkafa tana zuba a samana, shaaa, kamar ruwa a kan kwano.

Na ce, "'Yar Kawu, miƙo mini faifai nan ƙasa."

Ta ce, "Kin ji abin da Malama ta ce. Ba ta sauka."

Na ce, "To in hau keke in same ta a sama."

Ta ce, "Keke ba ya shiga."

Babu wadda ta yi dariya, ko ita. A gindin teburin nan na wuni har la'asar, ina kallon yatsun ƙafar mutane. In ƙwaya ta faɗo kusa da ni sai in tsince ta in riƙe a hannu, don ko ita an ce ba ta komawa sama.

Da Malama ta zo ta ji, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Haba iyayena! Ai don keken aka yi gangaren. Ku bar ta ta shiga."

Sai 'yar Kawu ta ce, "Malama, ke kika ce daɓe ya zama kamar faranti. Ke kuma kika ce keke ya shiga. Ga tayar nan, duba ta da idonki. Wanne za mu ɗauka, wanne za mu ajiye?"

Yarinyar ta dubi tayar, ta dubi daɓen, ta dubi ni. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. Zan sa a kawo wani keken da zai zauna a ciki, ba ya fita. In kin zo ki sauka daga wannan ki hau wancan."

Na ce, "Allah ya kawo."

Ta ce, "Za a kawo."

Kafin a kawo, mata suka yi dabara, don ba mugaye ba ne, kada ku ji labarin nan ku ɗauka mugaye ne. Suka samo wata doguwar kujerar katako mara jingina. Da safe in na rarrafo, sai biyu su kama ni ta hammata su ɗora ni, a wanke mini hannu, a turo mini shinkafa. Ina da jikoki ana cicciɓata kamar buhu, amma na haɗiye, tunda hannuna yana cikin shinkafa. 'Yar Kawu har ta dawo da tsiyarta. Ta ce, "Ga sarauniya a kan gado. Baiwa ta samu sarauta, sai a yi hattara." Na ce, "Zo ki yi faɗuwa, ki kawo gaisuwa."

Sai wata rana da azahar. Mata suka fita alwala, suka ce yanzu za su dawo su sauke ni. Suna fita motar shanshera ta iso, kowa ta yi can don a ga abin da aka kawo. Aka tayar da inji a ɗakin baya. Ni kuwa fitsari ya kama ni. Na yi kira, inji ya cinye muryata. Na sake kira. Na dubi ƙasa, na ga ta yi nisa kamar rijiya, ƙafafuna suna reto kamar tsumman da aka shanya. In na saki jiki na faɗo, ƙugun tsohuwa ba ya ɗoruwa. Na ƙanƙame bakin teburin. Ni da na je gona, na je kasuwar Bunkure, na haye kwalbati da hannuwana, ban taɓa jiran wani ya ba ni izinin kewayawa ba. Ranar na jira. Na jira har jiran ya ƙare.

'Yar Kawu ce ta fara shigowa. Ta duba, ta gane. Ta cire mayafinta ta naɗe ni, ta sauke ni ita kaɗai, da tsufanta. Sannan ta ɗauki buta ta tuntsurar a wurin, ta ɗaga murya ta ce, "Wace mara hankali ce ta ajiye buta a hanya?" Ta goge daɓen da hannunta. Har yau ba mu taɓa tayar da zancen ba. Amma daga ranar na ce ko za a yanka ni ba na sake hawa kujerar da ba zan iya sauka da kaina ba.

Na koma kan keke. Na ce tunda ƙazanta ce laifinsa, bari in wanke shi. Na riƙa sammako, in tsaya a famfon ƙofa da soso da sabulu, in wanke tayoyin nan har su yi baƙi wuluk. Dattijuwar nan ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki. Amma takalmi ko da turare aka wanke shi, kin taɓa ganin an shiga masallaci da shi?"

Sai na yi wata dabarar. Na yayyaga tsohon zanena, na wanke, na naɗe tayoyin da shi tsaf, na ɗaure da zare. Da 'yar Kawu ta gani sai ta riƙe ciki. Ta ce, "Jama'a ku fito, keken 'yar Gwaggo ya sa safa!" Mata suka fito suna dariya har da hawaye. Wata ta ce ai da safa ana shiga ko'ina. Dattijuwar ta juya. A cikin dariyar nan na tura keke na wuce ƙofa.

Ranar na yi aiki. Wayyo, na yi aiki. Teburin daidai ƙirjina, shinkafa tana gudu a ƙarƙashin yatsuna, in na gaji da nan in tura kaina can, ba mai ɗaga ni, ba mai sauke ni. Da lokacin salla ya yi na fita da kaina na dawo da kaina. Fitar nan ce ta kashe ni. Tsumman ya sha ruwan alwala a bakin famfo, ruwan ya jiƙa tsohuwar lakar da ta maƙale a can cikin ƙarafunan da soso bai kai ba. Ban lura ba. Sai da na ji an yi salati a bayana na waiwaya. Layi biyu ne, ja da kore, tun daga ƙofa, suka ratsa ta gefen tabarmar salla har zuwa inda nake.

Dattijuwar ta naɗe tabarmar ta fita da ita waje. Wasu suka bi ta. 'Yar Kawu ta ɗauko tsumma da bokiti, ta durƙusa tana goge layin, ba ta dube ni ba. Da ta iso gindin keken sai ta ce a hankali, "'Yar Gwaggo, kada ki sa in zaɓa tsakaninki da su." Na juya keken na fita ta kan layin da na shigo.

Keken ciki kuwa, za a kawo, za a kawo. Aka yanka shinkafar rani, aka yanka ta damina. Rannan Malama ta zo sallama, ta ce aikinsu a nan ya ƙare, an mayar da ita wata ƙasa. Ta tsuguna ta riƙe hannuna ta ce ta bar saƙo a wurin na gaba da ita. Na sa mata albarka. Ba ta yi mini ƙarya ba, abin ne ya fi ƙarfinta.

Mata suka zauna suka yi shawara a kaina, ban da ni. Suka ce takalma suna ɓacewa a ƙofa, awaki suna ja, wata tana tafiya da na wata. Suka naɗa ni mai tsaron takalma. Suka ce rabona na nan cif, daidai da na kowa. Aka ba ni farin ɗankwali irin nasu. Na zauna a saman gangarena, ni da keke, a cikin takalman mutane. Ina jera su ƙafa da ƙafa. Har na san kowace mace da takalminta: mai cin dunduniya ta hagu, mai ɗinki da waya, mai sabo duk salla. In baƙi suka zo a kan gangaren ake ɗaukar hotona, a ce ga ta nan, ba a bar ta a baya ba.

Ranar rabo aka kawo mini shinkafata. Na dafa, na sa a baki, ta ƙi wucewa. Washegari na ce, "'Yar Kawu, wannan sadaka ce kuka ɗaura wa ɗankwali."

Ta ce, "Aiki ne. Tsaro ba aiki ba ne?"

Na ce, "In na mutu gobe za ku ɗauki wata ta tsare takalman?"



Na ƙara da cewa, "Ke ce mai cewa ƙafa na rasa ba hannu ba. Yau ga hannun, kin ajiye shi a kan silifar mutane."

Ta ce, "To me kike so in yi? In rushe ginin?"

Na ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na koma inda na fito."

Na ɗauki tsohon faifaina na tura keke har bakin hanyar kasuwa. Na tarar da tsohon injin a kulle, ciyawa ta fito a inda muke zama. Aka ce kowa ya koma sababbin injina. Na zagaya bayan namu sabon, inda yake zubar da ɓuntu. Na sauka ƙasa na cika faifai, na yi bakace, na sake yi. Babu tsaki, babu ƙwaya ko ta rantsuwa. Sabon inji ba ya barin komai ya tsere. Na zauna a gindin tulin ɓuntun nan, ruwan kanal yana wucewa ta gabana zuwa gonakin mutane. A ƙasa babu abin tsincewa, a sama babu hanyar hawa. Gaba damisa, baya siyaki.

Na kwana biyu a gida, na gaji da kallon bango, na koma bakin ƙofa. Babu wadda ta ce mini ina kika je. Na jera takalma.

Da hantsi ya ɗaga sai ga 'yar Kawu ta fito da babban tire cike da shinkafa. Ta ce, "Matso, baiwa." Na matsa. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara, har tayoyin gaba suka daki dokin ƙofa. Ta ce, "Tsaya nan. Ko da faɗin yatsa kada ki wuce." Ta zuba mini ruwa na wanke hannu, ta ɗora tiren a kan hannuwan keken, rabinsa a ciki, rabinsa a cinyata. Ta juya ta dubi dattijuwar ta ce, "Yaya, takalmi ya shiga?"

Dattijuwar ta leƙo ta ce, "Bai shiga ba."

"Shinkafa ta sauka ƙasa?"

"Ba ta sauka ba."

'Yar Kawu ta ce, "To ke kuma me kike kallo? Yi aiki."

Na sa hannu.

A nan nake har yau. Kada ku ce an gama, don ƙofar ɗaya ce kuma ni na cika ta. Duk wadda za ta fita sai ta ce, "Iya, hanya," in ɗaga tire, in ja da baya, ta wuce, in dawo. Duk wadda za ta shiga haka. Rana tana dukan bayana, fuskata tana inuwa. In hadari ya taso nakan jiƙe ta baya kafin a karɓi tiren. Kuma masu saye daga birni ba su san da wannan ba. In suka ga ana tsince shinkafarsu a bakin ƙofa, kusa da takalma, shi ke nan an rasa su, kuma abincin mata da yawa ne. Saboda haka da an ji ƙugin mota a kan gaɓar kanal, 'yar Kawu za ta zo da gudu ta fizge tiren, ni kuma in ja baya in gyara ɗankwali, in koma mai tsaron takalma, in yi wa baƙi maraba. Wani ma yakan laluba aljihu zai ba ni wani abu. Nakan ɓoye hannuwana a cikin mayafi in ce Allah ya amfana.

Teburin nan da na shafa ranar biki ina ganinsa daga inda nake, taku kaɗan ne ga mai taku. Wurin da aka ce nawa ne wata yarinya ce take tsayawa a ciki yanzu.

Mai tatsuniya in ta gama takan yanke kan ɓera ta tashi ta kaɗe zane. Ni ba ni da abin yankewa. Gobe in Allah ya kai mu zan bi gaɓar kanal, in hau gangarena, in kai taya dokin ƙofa in tsaya. Yatsuna a cikin shinkafa, kunnena a kan hanya.